Shawara ga Mai Sha'awar Ƙaramin Jirgin Ƙasa Mai Tururi

Idan Allah ya sa maka sha'awar ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da tururi na haƙiƙa, irin waɗanda mutanen Ingila ke shimfiɗa wa dogo mai faɗin milimita 32 ko 45 a lambunan gidajensu, to ka sani asalin al'amarin yana ga tukunyar ruwa, domin a nan ƙarfin injin yake, a nan kuma sakaci ke halaka shi. Kada ka zuba mata ruwan rijiya ko na famfo, saboda gishirinsa yana daskarewa ya toshe bututu. Tataccen ruwa, wanda aka tara daga tururi, shi ya dace. Masana'anta irin su Roundhouse na Doncaster sun auna tankin gas ɗin da ke dafa tukunyar yadda gas zai ƙare kafin ruwa, don haka wajibi ne kada ka ƙara gas ba ka ƙara ruwa ba, gama wuta a ƙarƙashin busasshiyar tukunya babbar ɓarna ce. Man silinda kuwa sai mai kauri, wanda aka yi musamman domin tururi.

Amma sarrafa jirgin da rediyo, a ganina alheri ne a lambu mai gangare, inda jirgi ke zabura ya kauce daga dogo. Na'urorin 2.4 GHz ba sa cin karo da na abokin wasanka. Ka fara kunna ta hannunka kafin ta cikin jirgi, ka nisanta batura da wayoyi daga zafin murhu.