Dashen Haƙori a Gurbin Wanda Ya Fita

Babban mutum yana da haƙora 32. Yaro yana da 20, kuma idan ya yi famfara wasu suna fitowa a gurbinsu. Amma babba idan haƙorinsa ya fita, wani ba ya sake tsirowa. Ruɓewa tana cire haƙori. Ciwon dasashi yana cire shi. Haɗarin babur ko faɗuwa ma suna cire shi.

Mutane da yawa sukan ce, "Ai guda ɗaya ne, kuma yana can ciki, ba mai gani." Wannan kuskure ne, domin giɓi ba ya zama yadda aka bar shi.

Illar barin giɓi

Haƙora suna tokare da juna. Idan ɗaya ya fita, na gefensa sukan karkato cikin giɓin. Wanda suke haɗuwa da shi wajen tauna yakan riƙa zurowa, tun da babu mai tare shi. Abinci ya riƙa maƙalewa, ruɓewa ta samu hanya.

Akwai kuma illar da ido ba ya gani. Tauna ce take sa ƙashin muƙamuƙi ya zauna da ƙarfinsa. Inda babu saiwar haƙori, ƙashin wurin yana raguwa, musamman a shekarar farko.

Hanyoyin cike giɓi

Likitocin haƙori suna da hanyoyi uku. Ta farko ita ce haƙorin roba, wanda ake sawa a cire. Shi ya fi araha, amma yakan yi motsi a baki. Ta biyu ita ce a goge haƙoran da suke gefen giɓin, a rage su, a rataya sabon a jikinsu. Wannan yana zama daram, sai dai an taɓa haƙora biyu masu lafiya saboda guda ɗaya. Ta uku ita ce dashe. Haƙorin dashe yana tsayawa da ƙafarsa, ba ruwansa da na gefe.

Asalin dashe

A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana bincike a kan ƙashin zomaye. Ya sa wani ƙarfe mai suna titaniyom a cikin ƙashin. Da ya zo cirewa, sai ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen gam. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe da wannan ƙarfe. Har yau titaniyom aka fi amfani da shi, domin ba ya tsatsa a jiki, kuma ƙashi yana karɓarsa.

Yadda ake yin aikin

Da farko likita zai duba bakin, ya ɗauki hoton ƙashi, ya ga ko ƙashin ya isa ya riƙe dashe. Idan ya yi siriri, akan ƙara masa kauri tukuna. Wannan ya sa jinkirin cike giɓi yake ƙara wahala da kuɗi.

Ranar aiki akan yi allurar kashe zafi a dasashi. Mutum yana farke, amma ba ya jin ciwo. Likita zai huda ƙashin, ya murɗa wata ƴar kusa ta titaniyom a ciki. Ita ce za ta zama saiwa. Bayan nan akan yi ɗan kumburi na kwanaki, a ci abinci mai laushi kamar kunu da fate.

Sai kuma jira, yawanci wata 3 zuwa 6, har ƙashi ya kama kusar. Magini ba ya ɗora gini sai harsashi ya kama, to haka ma a nan. Idan ta kama, sai a ɗaura mata wani ɗan wuya, a auna bakin, a ƙera haƙori daidai da launin sauran, a kafa shi a kai.

Wa ya dace da dashe?

Ba a yi wa yaro, sai ƙashin muƙamuƙinsa ya gama girma, wato daga wajen shekara 18. Mai ciwon dasashi sai an warkar da shi tukuna. Mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita, domin rauninsa ba ya saurin warkewa. Shan taba yana hana ƙashi kama kusar da kyau. A gaya wa likita kowane magani da ake sha, kada a ɓoye komai.

Dashe yana da tsada, kuma aiki ne na likitan da ya koye shi. A je sashen haƙori na babban asibiti ko asibitin koyarwa. A tambayi kuɗin aikin duka tun daga farko. Wanda bai da hali, ya sa na roba, ya fi barin giɓi.

Kula da shi

Haƙorin dashe ba ya ruɓewa, amma dasashin da yake kewaye da shi yana kamuwa da ciwo. Idan ciwon ya kai ƙashi, kusar tana iya girgiɗewa ta fita. Saboda haka a goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki, a tsaftace tsakanin haƙora. Kada a buɗe kwalba ko a fasa ƙashi da haƙori. Idan an ga jini, ko kumburi, ko motsi, a koma wurin likita da wuri. Dashen da aka kula da shi yana yin shekaru masu yawa.

Tambayoyi

1. Haƙora nawa babban mutum yake da su?
2. Me yake samun ƙashin muƙamuƙi idan an bar giɓi?
3. Don me ake jira kafin a kafa haƙori a kan kusar?
4. Su waye sai sun nemi magani kafin a yi musu dashe?
5. Rubuta abubuwa uku da za ka yi don kare haƙoranka.