Darasi Na Bakwai: Adana Tsofaffin Gine-gine da Sauya Musu Aiki

7.1 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayani a kan sana'ar gini a ƙasar Hausa. A wannan kuwa za a duba makomar gini bayan ya tsufa, da hanyoyin da al'umma ke bi wajen raya shi. Za a ɗauki garin Kaduna a matsayin babban misali, tare da waiwayen Kano da Katsina da Zariya.

7.2 Ma'anar Adana Gini

Idan aka ce adana gini, ana nufin kula da tsohon gini mai tarihi ta yadda siffarsa ta asali ba za ta ɓace ba. Sauya wa gini aiki kuwa shi ne a ba shi wata sabuwar hidima bayan wadda aka gina shi dominta ta ƙare, kamar a mai da gidan kwana ya zama ɗakin karatu. Abubuwan nan biyu tare suke tafiya. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗakin da aka kulle aka yi watsi da shi, ba mai lura da ranar da indararonsa ya toshe, ko gara ta kama azararsa, sai dai a wayi gari ya zama kango. A Nijeriya, alhakin kula da irin waɗannan wurare yana wuyan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1979.

7.3 Misalai Daga Kaduna

Kaduna ba ta da ganuwa irin ta Kano ko Zariya, domin a shekarar 1917 ne Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatarsu nan daga Zungeru. Duk da haka, tana da gine-ginen da suka cancanci nazari:

(a) Gidan Arewa. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. Daga shekarar 1970 aka mai da wurin cibiyar binciken tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya zama shugabanta na farko. Yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ana ajiye rubuce-rubucen Larabci da na ajami da takardun gwamnati a cikinta.

(b) Gidan Tarihi na Ƙasa. Asalin ginin ofishin jam'iyyar NPC ne. Bayan da sojoji suka rushe jam'iyyu, sai aka mai da shi gidan tarihi a shekarar 1975.

(c) Zauren Lugga. A nan majalisun Jihar Arewa suka zauna, yau kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce ke amfani da shi.

(d) Gadar Lugga. An kafa wannan gadar ƙafa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna, aka kuma sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956.

A kudancin kogi kuwa labari ya sha bamban. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957, wadda ta ciyar da dubban iyalai, ta daina aiki a 2002. Da hidimar ta tsaya, sai lalacewa ta biyo baya. Yaron da ya tashi a sababbin unguwanni irin su Mahuta zai iya girma bai san cewa masaƙu ne suka tara jama'a a wannan ɓangare na garin ba.

7.4 Misalai Daga Sauran Garuruwa

A Kano, Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya zama gidan tarihi. Haka ma ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Sai dai amfani da gini kaɗai bai wadatar ba, dole a haɗa da gyara. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarimu, bai taɓa rasa masallata ba, amma a watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta ana cikin salla, aka yi asarar rayuka. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kafin kowace damina, da dubawar magina waɗanda suka san sirrinsa.

7.5 Dangantakar Gini da Harshe

Nan ne abin ya shafi malamin Hausa kai tsaye. Kowane gini rumbun kalmomi ne. Tubali da azara da makuba da laso da zanko da bakan gizo da ɗaurin guga, duk sunaye ne na abubuwan da ido ke gani a jikin soro. Idan soraye suka ƙare, aka maye gurbinsu da bulo da kwano, kalmomin za su koma cikin ƙamus kawai. Ɗalibin da aka nuna wa ɗaurin guga a rufin zaure ba ya mantawa da shi, saɓanin wanda aka rubuta wa a allo ya haddace. Saboda haka ya kamata malami ya riƙa kai ɗalibansa ziyarar irin waɗannan wurare, ya kuma gayyato dattawan magina su yi musu bayani da bakinsu.

7.6 Kammalawa

An ga cewa tsohon gini yana rayuwa ne idan aka haɗa masa abu biyu: aikin da zai jawo mutane gare shi, da gyaran da ba ya yankewa. Inda ɗaya ya ɓace, ginin yana cikin haɗari, haka ma tarihin da kalmomin da ke tattare da shi.

7.7 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin adana gini da sauya masa aiki.
2. Kawo gine-gine uku na Kaduna, ka faɗi aikin kowanne a da da yanzu.
3. Wane darasi ke cikin abin da ya sami masallacin Zariya?
4. Nemi wani tsohon gini a garinku, ka tattara kalmomi goma da suka shafi sassansa.