Darasi: Abubuwan da ke kashe bankin abincin bisashe

Ƴan uwa makiyaya da manoma masu kiwo, kun san abin da ya faru a shekarar 2005 da ta 2010, lokacin da ciyawa ta yi ƙaranci a ƙasarmu, bisashe suka faɗi da yawa tsakanin bazara da farkon damana. Don kauce ma irin wannan asara ake kafa bankin abincin bisashe: a sayi dusa da angurya da kaka, lokacin da suke da sauƙi, a aje cikin mangaza, a saida ma ƴan ƙungiya daga watan Afrilu zuwa Yuni. Amma bankuna da yawa sun mutu, kuma ba fari ya kashe su ba, rashin aiki tare ne. Ga cututtuka huɗu da ya kamata ku sani.

1. Mutum guda ya riƙe komi

Idan shugaba shi ke da makulli, shi ke da kuɗi, shi ke zuwa kasuwa, to ko mai gaskiya ne sai an zarge shi. Ranar da ya tafi da shanunsa arewa kuma, aiki ya tsaya. Ku raba aiki: shugaba ya jagoranci taro, magatakarda ya rubuta, ma'aji ya riƙe kuɗi, mai mangaza ya auna. Kada ku zaɓi mutum biyu daga gida guda.

2. Bashin kunya

Wannan ita ce babbar cuta. Surukinka ya zo, ko ɗan maigari, ka ji nauyin hana shi. Ka ba shi buhu ba rubutu. Mu yi lissafi: a ce kuna da buhu 100, aka ba da 30 bashi, ba a biya ba. Baɗi buhu 70 kawai za ku iya saye. In aka sake haka, a shekara ta huɗu sai mangaza ta zama ɗakin ɓeraye. Wanda ya biya kuwa, da ya ga wani bai biya ba, shi ma ba zai ƙara biya ba. Dokar bashi a yanke ta gaban kowa: nawa ake badawa, wa ke tsaya ma mai ɗauka, yaushe ake biya. In ba ku iya karɓo bashi, to ku saida kuɗi hannu.

3. Ɓoye lissafi

Kuɗin jama'a ba ya son duhu. Kowane buhu da ya shiga ko ya fita a rubuta shi cikin kaye. In taro ya zo, a karanta da babbar murya, da Hausa, da Fulatanci, da Tamajeƙ in akwai masu jin su. Dokar OHADA ta 2010 kan ƙungiyoyin gama kai, wadda Nijar ke aiki da ita, ta ce a yi babban taro aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ƙaramar ƙungiya ta samu ƴan bincike uku zuwa biyar, daban da masu gudanarwa. Ku bar su su ƙirga buhunna da hannunsu.

4. Mance waɗanda ba su kusa

Sau da yawa mazauna gari ke yanke magana, na ruga sai dai su ji labari. Mata ma haka, alhali su ke da awaki da tumakin turka. Wanda ba a yi shawara da shi ba, ba ya jin bankin nasa ne. Ku sa taro ranar kasuwa, kafin masu tashi su tashi, ku aika ma ardo da wuri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tambayoyin tattaunawa

A taronku mai zuwa, ku amsa waɗannan: Buhu nawa ke cikin mangaza yau? Wa ke da bashi, tun yaushe? Mutum nawa suka ga kayen lissafi bana? In amsa ta gagara, ku kira ma'aikacin kiwo na yankinku ku zauna tare, tun kafin rani ya yi nisa.