Me Ake Cusa wa Ƙofa a Cikin Kwamfuta?

Wasiƙar farko da mai gabatar da wani shirin amsa tambayoyi kan fasahar gini ya karanta ta fito ne daga wani ɗalibin zanen gine-gine a Zariya. Ya tsara bene a manhajar Revit, ya yi kyau, amma malaminsu ya dawo masa da aikin, wai ƙofofinsa fanko ne. Me ake nufi?

"Ɗan'uwa, malaminka ya yi gaskiya," in ji mai gabatarwa. A tsarin BIM, wanda Revit ke aiki da shi, kowace ƙofa tana ɗauke da bayananta: faɗi da tsawo, ta katako ce ko ta ƙarfe, wa ya ƙera ta, nawa kuɗinta, kuma minti 30 za ta jure gobara ko 60. Da zarar an cike su, manhajar da kanta za ta fitar da jadawalin ƙofofi, mai ƙididdigar kayan gini ya huta da ƙirge da hannu.

Mai gabatarwa ya daɗe a kan wani kuskure da ke kayar da masu koyo. Akwai bayanin samfuri, wanda in an canza shi duk ƙofofin irinsa za su canza. Akwai kuma na ɗaiɗaiku, kamar lambar da ke jikin na'ura ko ranar da aka kafa ta. Wanda ya rubuta lambar na'urar sanyaya ɗaki a gurbin samfuri, sai ya tarar na'urori 40 duk lambarsu ɗaya.

Wata injiniya mai kula da gini ta koka cewa famfon tura ruwa ya lalace, ba wanda ya san ko garantinsa ya ƙare. "Hajiya, ba ke kaɗai ba ce," ya ce mata. Hukumar NIST ta Amurka ta ƙiyasta a 2004 cewa rashin jituwar bayanai na janyo asarar dala biliyan 15.8 a shekara a harkar manyan gine-ginen ƙasar, kusan kashi biyu cikin uku a kan masu gini da masu kula da su. Tsarin COBie, wanda injiniyoyin sojan Amurka suka fitar a 2007, domin irinta aka yi shi: garanti, kayan gyara da lokacin duba kowace na'ura su iso tare da makullai. Shawarar da ya ba ta ta fi komai amfani a shirin: tun kafin a fara zane ta rubuta wa masu tsarawa bayanan da take so, domin cusa komai da komai nauyaya fayil kawai yake yi.

Mai tambaya ta waya kan kai aikin ArchiCAD cikin Revit, an nuna masa tsarin IFC na musayar fayil tsakanin manhajoji, tare da gargaɗin ya buɗe fayil ɗin ya tabbatar bayanan sun ƙetara.