Yadda Ake Tsara Albashi Ya Kai Ƙarshen Wata

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. A Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, amma kowane magidanci ya san kasuwa ta haɗiye ƙarin tun bai iso aljihu ba. Farashi ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka shi ne inda kowace naira za ta nufa.

Fara da littafi da biro. Rubuta abin da ke shigo maka tabbas a wata. In ɗan kasuwa ne kai, ɗauki ribar watan da kasuwa ta yi sanyi, ba ta jajibirin Sallah ba. Bashin da kake bi da alawus ɗin da aka ce "yana hanya", kada su shiga lissafi sai sun shigo hannu.

Sai ka yi wata guda kana rubuta duk abin da ya fita, komai ƙanƙantarsa: kuɗin adaidaita sahu, katin waya da data, ladan mai POS, tsiren dare, ɗari biyun da yara ke tafiya da ita makaranta. Aikin da gundura, amma a nan mutum yake gano ramin da kuɗinsa ke zurarewa.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan lamarin, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba cefane ne ke karya mai albashi ba, manyan hidimomin da ke zuwa sau ɗaya ko sau uku a shekara ne. Kuɗin haya ba ya zuwa ba-zata, haka kuɗin makaranta, haka azumi da Sallah, amma kullum sai a tarbe su kamar gobara. Tara su wuri ɗaya ka raba gida 12. A ce albashinka 150,000 ne, haya 360,000 a shekara, makarantar yara 40,000 kowane zango, wato 120,000, hidimar azumi da ɗinkin Sallah biyu kuma 120,000. Jimla 600,000 ke nan, wato 50,000 duk wata. Ashe abin da kake da shi na kashewa 100,000 ne, ba 150,000 ba. Ranar da albashi ya shigo, cire wannan 50,000 tun kafin ka biya ta kasuwa.

Ina za ka ajiye ta? Ba a asusun da katinsa ke aljihunka ba. Buɗe wani daban, ko ka shiga adashi ka roƙi uwar adashi ta sa ɗaukarka ta faɗo wata guda kafin lokacin haya. Sai dai ka san da wa kake zubi. Adashin da ba ka san rabin mutanensa ba, ka bar shi.

Daga nan sai abinci. Hatsi ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kuma yawanci yana tsada idan damina ta yi nisa. Wanda ke sayen masara kwano-kwano a kantin unguwa ya fi wanda ya ɗauki buhu a kasuwar Dawanau biya. In buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗa kuɗi ku uku ku raba. Wake kuwa, zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwari ba sa rayuwa a ciki, ba kuma sai ka sa magani ba.

Kuɗin cefane ka raba shi mako-mako, kuma ka zauna da uwargida ku yanke adadin tare. Ita ta san kwana nawa kwalbar manja ke yi, kai ba ka sani ba. Tsarin da aka yi a bayan idonta ba ya kai sati biyu.

Ware wa zumunci kasonsa. Biki, suna, dubiya, ɗan'uwan da ya bugo waya daga ƙauye, duk ba sa ƙarewa, kuma ba a ce ka toshe kunne ba. Sa musu adadi, in ya ƙare ka ce "a yi haƙuri sai wani watan". Ankon kowane biki dai ba wajibi ba ne.

In akwai bashi a kanka, fara sauke mai kuɗin ruwa, ka kuma nisanci manhajojin ba da rance na waya. Abin da ya rage, ko dubu biyu ce, ajiye ta don rashin lafiya.

Kada ka jira albashi mai zuwa. Sayi littafi da biro yau, ka fara da abin da ka kashe tun safe.