Shan Maganin Sankara a Gida: Ƙa'idojin Kafesitabin da Alamomin da Ke Wajabta Dakatar da Shi

Daga cikin sauye-sauyen da suka shigo fagen jinyar sankara, wato ciwon daji, akwai samuwar magungunan da majinyaci ke haɗiya yana zaune a gidansa, maimakon a kwantar da shi a asibiti ana ɗura masa su ta jijiya. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ba wa masu sankarar mama da ta babban hanji da ta ciki shi ne kafesitabin, wanda akan rubuta sunansa Capecitabine ko Xeloda a jikin kwali, kuma kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Sauƙin da ya kawo yana tafe da haɗari, domin mutane da dama suna ɗauka cewa abin da aka sha da baki bai kai na ƙarin ruwa ƙarfi ba, alhali ƙarfinsu ɗaya ne, illa dai sa idon da ma'aikatan jinya ke yi a asibiti ya koma wuyan majinyaci da iyalinsa.

Ƙwayar ba ta fara aiki da zarar an haɗiye ta, sai hanta da wasu sassan jiki sun sarrafa ta mataki-mataki har ta rikiɗe ta zama sinadarin fuluroyurasil, wanda aka daɗe ana bayarwa ta jijiya tun bayan ƙirƙiro shi a 1957. Aikin wannan sinadari shi ne hana ƙwayoyin halitta masu saurin yaɗuwa sake haifar kansu, kuma da yake ƙwayoyin da ke lulluɓe da cikin baki da hanji, da na fata, da na ɓargon da ke samar da jini su ma masu saurin sabuntawa ne, a waɗannan wurare illolinsa suka fi bayyana.

Likita yana ƙididdige adadin maganin ne bisa faɗin fatar jikin majinyaci, wanda ake fitarwa daga tsayinsa da nauyinsa. Idan ana shan sa shi kaɗai, ma'aunin da aka saba shi ne miligiram 1,250 ga kowane murabba'in mita, safe da yamma, na tsawon kwana 14, sannan a huta kwana 7, zagayen ya cika kwana 21. Ga misali, mai faɗin jiki murabba'in mita 1.6 zai sha miligiram 2,000 a kowane lokaci, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500 da safe, huɗu da yamma. Akan rage wannan ma'auni idan an haɗa shi da wani maganin ko da gashin na'ura, haka kuma ga wanda ƙodarsa ta yi rauni, wanda kuwa ƙodarsa ta lalace sosai ba a ba shi sam. Da yake galibi ana yin ƙwayar iri biyu, mai miligiram 150 da mai 500, wajibi ne a rubuta wa majinyaci yawan kowace iri a takarda kafin ya bar asibiti.

Ana shan sa cikin minti 30 bayan cin abinci, a haɗiye shi ɗungurungum da ruwa, ba a tauna ba, ba a fasa ba, ba a daka a zuba cikin koko ba. Wanda ya manta bai sha ba har lokacin ya wuce sosai ba zai ninka na gaba ba, wanda ya yi amai bayan ya sha ba zai sake sha don ramuwa ba, kuma ba a cin makon hutu don cike gurbin ƙwayoyin da aka tsallake, domin a wannan makon ne hanji da ɓargo ke farfaɗowa.

Ɗaya daga cikin illolin da ke iya kai majinyaci ga halaka ita ce gudawa, saboda tana ƙarar da ruwan jiki, ƙoda ta kasa fitar da maganin, ya taru ya ƙara tsananta gudawar. Wata illar kuma ita ce ciwon tafin hannu da tafin ƙafa, wanda ke farawa da jin tsikari ko zafi-zafi, sannan kumburi, daga baya fata ta tsage ko ta yi bororo har majinyaci ya kasa ɓalle maɓallin riga ko taka ƙasa. Littattafan likitanci sukan ambaci jan fata a matsayin alamar farko, amma a jikin baƙar fata abin da aka fi gani shi ne tafin hannu ya ƙara duhu, ya yi kauri da kaushi, abin da kan sa a ɗauke shi fason hunturu ne har sai ya yi nisa. Ana rage shi da shafa mai safe da dare, musamman mai ɗauke da sinadarin yuriya, da guje wa ruwan zafi, da barin ayyukan da ke murza hannu kamar daka da wanki da riƙe fartanya, da sa takalmi mai laushi. Wasu kuma zanen yatsunsu yakan goge, na'urar ɗaukar hoton yatsa a banki ko filin jirgi ta kasa gane su, don haka yana da kyau su riƙe takardar shaida daga likita.

Babbar ƙa'idar wannan magani ita ce sanin lokacin ajiye shi. Majinyaci zai dakatar da sha nan take, ya tuntuɓi likitansa a ranar, idan fitarsa bayan gida ta ƙaru da sau huɗu ko fiye a yini, ko gudawa ta tashe shi da dare; idan ya yi amai sau biyu ko fiye cikin awa 24; idan bakinsa ya yi gyambo mai zafi; idan tafin hannu ko na ƙafa ya fara ciwo da kumburi; ko kuma idanunsa suka yi rawaya. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi kuwa na gaggawa ne, domin maganin kan sa jijiyoyin zuciya su tsuke. Haka nan zazzaɓin da ya kai digiri 38, wanda a ƙasashen da cizon sauro ya yi yawa akan ruga kyamis a sayo masa maganin maleriya, alhali yana iya zama alamar fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa har cuta ta shiga jini, lamarin da sai gwaji a asibiti ke tabbatarwa. Dauriya da ake yabo a wasu wurare ba ta da amfani a nan, tun da tsarin maganin kansa ya tanadi a tsaya, a bari jiki ya murmure, sannan a ci gaba da adadin da likita ya ga ya dace.

Akwai waɗanda aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna DPD, wanda shi ne ke rushe fuluroyurasil a hanta, kuma su adadin da ya dace da kowa guba ne a jikinsu. Alamarsu ita ce illa mai tsanani tun a kwanakin farko na zagayen farko. Saboda haka ne hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawara a 2020 cewa a riƙa gwada majinyaci kafin a fara ba shi, kuma inda gwajin bai samu ba, sai a tsananta lura a zagayen farko.

Dole ne likita ya san duk abin da majinyaci ke sha. Maganin tsinka jini na wafarin idan ya haɗu da kafesitabin yana iya jawo zubar jini mai kisa, maganin farfaɗiya na fenitoyin kuma yakan taru a jiki fiye da kima. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne magungunan ƙarin jini da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya, domin da yawansu suna ɗauke da folik asid, wanda ke ƙara wa maganin dafi. Jiƙo da sassaƙe su ma ba a haɗa su da shi sai da sanin likita.

A cikin gida, ana barin ƙwayoyin a cikin ledarsu ta asali, nesa da yara, a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, sharaɗin da ke buƙatar kulawa a watannin bazara da ɗakin kwano ke zarce hakan. Mai jinya zai sa safar hannu idan zai taɓa ƙwayar ko zai share amai da bayan gida, ya wanke kayan da suka ɓaci daban, mai juna biyu kuma ta nisanci wannan aiki. Maganin yana cutar da ɗan tayi, don haka mace za ta guji ɗaukar ciki har wata shida bayan gamawa, namiji wata uku, kuma ba a shayarwa sai mako biyu bayan ƙwayar ƙarshe. Mai son yin azumi ya fara shawara da likita, saboda ƙishirwar yini a kan gudawa tana iya taɓa ƙoda, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Abin da ya fi taimakon iyali shi ne littafi ɗaya da ake rubuta ranar fara zagaye, da lokacin shan kowace ƙwaya, da yawan fita bayan gida, da zafin jiki, tare da lambar wayar sashen jinyar sankara a shafin farko. Da wannan littafi likita ke gane ko ya rage adadi ko ya bar shi, kuma ƙwayoyin da suka rage ana mayar da su asibiti ne, ba a ba wa wani mai irin ciwon.