Tambaya da Amsa: Wa Ke da Alhakin Hanyar Tawa Zuwa Arlit?

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, ina zaune a Akokan. Tsakanin Agadas da Arlit godoro ya ƙare a wurare da yawa, sai dai mu saki hanya mu bi rairayi. Shin hanyar nan ta gwamnati ce ko ta kamfanonin yuraniyom? Wa za mu kai wa kuka?

Amsa: Malam direba, sannu da hanya. Ta gwamnati ce. Tana cikin hanyar ƙasa mai lamba 25, ta tashi daga Tawa ta bi Tabalak da Abalak ta shiga Agadas, sannan ta miƙe arewa kimanin kilomita 240 zuwa Arlit. Ta kudu kuma, daga Tawa ake gangarawa wajen Ƙwanni a haɗu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram.

Amma ba banza ka yi shakka ba. Don yuraniyom aka shimfiɗa ta, shi ya sa ma ake kiranta da sunansa. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971, kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1978, kuma a shekarun nan ne aka zuba godoron, domin manyan motoci su sauko da gangunan ma'adini zuwa tashar Kwatano, su koma da man fetur da kayan aiki. Sai garuruwa suka girma a jikinta. Yau duk buhun gero da ake ci a Arlit ita ta kawo shi, haka marar lafiyar da aka tura Agadas. Kai ka fi ni sanin yadda abin yake: a saki iskar taya a shiga rairayi, yaran mota su sauka da shebur da faranti, tafiyar da ake yi da hantsi ta cinye wuni. Kuɗin tayar da ta fashe kuwa a kan farashin tiya yake ƙarewa, talaka ke biya.

An yi alkawura. A wata yarjejeniya ta 2014 kamfanin yuraniyom na ƙetare, Areva, ya amince ya ba da Yuro miliyan 90 don hanyar. An taɓa wasu sassa, amma wanda ya bi ta ya san ba a kai ga gaci ba. Yanzu kuwa an rufe COMINAK tun Maris 2021, gwamnati ta karɓe SOMAIR a 2025, don haka babu sauran wanda za a nuna da yatsa a ƙetare. Abin ma da ya fi damuna, yankin Agadas zuwa Arlit yana cikin hanyar Aljas zuwa Legas. An ja sabon godoro daga Arlit zuwa Assamaka, ga tsakiya a lalace.

Ku kai kukanku a rubuce ta hannun ƙungiyar direbobi, zuwa ga hukumomin jihar Agadas da ma'aikatar da ke kula da hanyoyi. Ku faɗi wuraren da suka fi muni ɗaya bayan ɗaya, ku haɗa da hotuna, ku nemi 'yan kasuwar Arlit su sa hannu tare da ku. Allah ya kiyaye hanya.